Wuyan Zalɓe a Shagon Madam

Rubutun na fara gani kafin in ga wanda ya kawo shi. Ina zaune a bayan kwamfuta ta biyu a shagon Madam, littafin soyayya a kan cinyata ƙarƙashin tebur, sai aka ajiye wani littafin rubutu mai shuɗin bango a gabana, a buɗe. A tsakiyar shafin akwai wata doguwar alama da ta lanƙwaso daga sama, ta gangaro, ta sake lanƙwasawa a ƙasa, sak wuyan zalɓe a bakin Binuwai. Kusa da ita ga wani ɗan kifi, ga kuma wata rumfa mai ƙafa ɗaya, lambobi sun fake a ƙarƙashinta. Na ce a raina, duk wanda ya ja waɗannan layuka, hannunsa ya san tausayi.

Da na ɗaga kai sai na ga dogon mutum siriri, farar rigarsa ta sha guga, hannunsa na dama cikin aljihu. Ya fara gaishe ni da Fulatanci kamar yadda kowa ke yi a Garwa, da ya hango bangon littafin da nake ɓoyewa sai ya juya Hausa.

"Sannu da aiki, ƙanwata. Ko in ce sannu da karatu?"

Shekarata goma sha tara a lokacin. Na bar makaranta ne saboda lissafi ya ƙi ni, ni ma na ƙi shi. Kakanmu daga Kano ya zo Garwa da fatauci, Baba kuma ya gaji shago a babbar kasuwa, yana kawo kaya ta Yola. A cikin kwalayen kayan nan ne littattafan soyayya ke iso mini, direbobi na cusa mini biyu ko uku tsakanin fitilu da rediyo. Na karanta su har na yarda cewa duk baƙon da ya shigo da ƙafar dama, shafin farko ne na wani labari.

Shagon Madam yana unguwar Jambutu. Kwamfuta uku, injin kwafi ɗaya, fanka ɗaya da ke juya kai kamar mai neman wanda ya zage ta. Muna buga wa mutane takardun neman aiki, katin biki, ƙorafi zuwa ofis, duk da Faransanci. Madam dattijuwa ce daga duwatsun arewa, tun zamanin tafireta take bugu, kuma tana da dokoki biyu. Ta farko, ba a cin gyaɗa kusa da allon maɓallai, wanda mu a nan muke ce wa kilabiye. Ta biyu ta fi tsanani. A kusurwar ƙasa ta gilashin kowace kwamfuta ta manna guntun filasta, irin ta asibiti, kuma ba mai ɗaga ta. Wai shekarun baya wata mai koyon aiki ta taɓa wasu ƙananan haruffa biyu da ke wurin, duk rubutu ya hargitse, aiki ya tsaya kwana biyu, har sai da mai gyara ya zo ya juya musu baya ya gyara, ya ce kada a ƙara taɓawa. Filastar ta rufe har da agogon kwamfutar, shi ya sa sai kiran salla ke gaya mana lokaci.

Madam ta taso ta leƙa littafin mai shuɗin bango.

"Lissafi ne. Za mu bar maka gurbi, Malam."

Haka ake yi a duk shagunan bugu na garin. Idan malamin lissafi ya kawo takardar jarrabawa, mu buga maganar, inda alama take kuma mu bar fili. Madam ta san awon kowace: layi biyu ga ƙarama, layi huɗu ga mai hawa. Malamin ya zauna a benci da baƙin biro ya cike guraben da hannunsa, sannan a yi kwafi. Ba wanda ya taɓa ganin laifin haka.

"Bara an bar mini gurbi," in ji shi. "Malaman da suka duba suka dawo mini da shi. Sun ce daga yanzu ba sa karɓar aikin da aka sa wa biro. Komai sai a bugu."

Sai ya zauna ya yi mana bayani a tsanake. Malamin wucin gadi ne a wata sakandare da ke kan hanyar Figil. Wannan littafi shi ne babban rubutun da zai miƙa a Marwa, a ba shi takardar da za ta mayar da shi cikakken malami. Bana ce damarsa ta ƙarshe, kuma saura kwana goma sha biyu a rufe karɓa. Madam ta ce ai ko bai samu ba, ga shi yana koyarwa. Sai ya zaro hannun nan daga aljihu ya ɗora a kan tebur. Yatsun sun naɗe ciki, wani tabo ya taso daga wuyan hannu ya haura. Haɗarin babur ne, shekara biyu da suka wuce.

"Da hagu nake rubutu a allo, yara suna ta canki-canka. Shugaban makaranta ya yi haƙuri da ni iyakar haƙuri. In na kawo takarda, kujerata ta zauna. In ban kawo ba, sabon zango wani zai shiga ajin."

Ban tambayi kaina ba yadda mai wannan hannu ya yi wancan rubutu. A littattafaina ba a yin irin waɗannan tambayoyi. Na ga jarumi mai rauni, na ga kyakkyawan rubutu, na haɗa su, na ajiye a zuciya.

Ya zo da wata manhajar lissafi a ɗan filashi, wadda wani abokinsa da ya yi karatu a Yola ya ba shi, tare da takarda guda da ta sha ninki har ta kusa rabuwa huɗu. Da Turancin Ingilishi aka rubuta ta. Jeri ne na maɓallan da za ka haɗa, alama ta fito nan take ba sai ka je nemanta ba. Shi yana ce musu rakursi, ni na ce yanke, kamar wanda muke bi ta lungu zuwa kasuwa.

"Ba wa wannan," in ji Madam, ta nuna ni da haɓa. "Ita ce ba ta da aiki sai haddar ƙaryar 'yan Kano."

Ranar farko muka gwada yanken, sai muka ga abin mamaki. Rabin takardar na aiki, rabi ba ya yi. In na danna Esc, na sa harafin a, na sake danna Esc, sai ɗan kifin ya fito, wanda Malam ya ce sunansa alfa. Haka wuyan zalɓe, haka wata takwas da ta kwanta barci, wadda ya ce tana nufin abin da ba shi da iyaka. Wannan ta ƙarshe na rubuta ta a bayan littafina, don na san wata rana za ta yi mini amfani a wasiƙa. Amma waɗanda suka fi yawa a aikin, su suka ƙi. Takarda ta ce Ctrl da 2 zai ba da rumfa. Na danna, shiru. Ctrl da 6 zai ɗora ƙaramar lamba a kafaɗar babba, abin da na raɗa wa suna goyo. Shiru. Ctrl da karkataccen layi zai gina bene, lamba a sama lamba a ƙasa. Ko motsi.

Dole muka koma ga linzamin kwamfuta, wato maus. Kowace rumfa sai na buɗe akwatin alamomi, na nemo ta, na danna, na koma cikin shafi, na shiga ƙarƙashinta, in da bene a ciki na sake komawa akwati. Layi ɗaya na lissafinsa yana cin lokacin da zan buga takardar neman aiki sukutum. Ga zafin watan Maris, ga wuta da ake ɗaukewa da azahar ba a dawo da ita sai bayan la'asar. Kwana uku muka yi shafi tara. Littafin kuwa shafi tamanin ne da 'yan kai.

Ba sai an zama malamin lissafi ba kafin a gane inda wannan ya nufa. Malam yakan zauna a gefena yana karanto mini, in na yi kuskure ya ce, "A'a, ƙanwata, goyon nan na ɗaya lambar ne," cikin murya mai taushi. Ni kuwa ina can wata duniya. Na san shi Kirista ne, na san Baba, na san babu hanya. To amma a littattafaina ai daga babu hanya ake farawa. Wata rana da ya fita shan ruwa, na ɗauko rumfa da linzami, na rubuta "ni da kai" a ƙarƙashinta. Rumfar ta miƙe da kanta ta rufe kalmomin uku daidai. Na daɗe ina kallo, sai da na ji takun Madam na goge.

Ranar ta huɗu wuta ta tafi da wuri. Malam ya jingina da bango ya rufe ido, ni kuma don rashin abin yi na ɗauki takardar yanken ina fifita da ita. A can ƙasanta akwai ɗan hoton kilabiye da kwafi ya dusashe, an yi wa wasu maɓallai duhu. Kullum ina ganinsa, ban taɓa dubansa ba. Ranar na duba. Layin haruffa na sama a namu da A yake farawa, a hoton kuwa da Q ya fara. Lambobin ma a hoton su kaɗai suke a kan maɓallansu, alhali a namu in ka danna 2 kai tsaye, harafin Faransanci ne ke fitowa, lambar sai ka haɗa da wani maɓalli. Na san na taɓa ganin kilabiye mai farawa da Q. Sai da na yi sallar azahar na tuna a ina.

Da yamma na bi ta kasuwa. Na tarar da Baba a bakin shago yana shan shayi.

"Baba, ina kilabiyen nan da aka yi ta dawo maka da su?"

"Masu juyayyen kai? Suna can ƙarƙashin kwalayen fitila. Me za ki yi da su, Uwata?" Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana.

"Aiki."

"Aikin Madam ko aikin soyayya?"

Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafi. Ya yi dariya ya ba ni labarin da na sha ji. Shekara uku da suka wuce ya ɗauko kwali guda na kilabiye daga Najeriya, sababbi fil. Duk wanda ya saya sai ya dawo da shi. Ka danna A, Q ta fito. Wani ma'aikacin ofis ya ce ya buga sunansa, abin da ya fito ko uwar da ta haife shi ba za ta gane ba. Tun daga nan kasuwa ta yanke hukunci cewa kayan sun lalace a hanya, wasu suka ce zafin mota ne ya juya musu ƙwaƙwalwa.

"Ɗauki biyu ma," in ji Baba. "In sun ƙi, Madam ta riƙa danne takardu da su."

Washegari na shiga shago da ɗaya a rungume kamar jariri. Na riga na tsara yadda abin zai kasance: zan jona, rumfa ta fito, ya dube ni, ya kasa magana. Na jona. Na danna Ctrl da 2. Babu abin da ya fito. Na danna A, Q ta fito, kamar dai yadda Baba ya faɗa.

Madam ta yi tsaki. "Kin kwaso mana mahaukacin kilabiyen babanki."

Kunya ta rufe ni, na kai hannu zan cire, Malam ya ce in dakata. Ya sa na danna A sau goma, Q goma suka jeru. Na danna Q, A ta fito. W ta ba da Z, Z ta ba da W. Ya matso da kujerarsa.

"Madam, abin da ya lalace ba ya yin kuskure iri ɗaya sau goma. Wannan lafiyarsa ƙalau. Kamar baƙo ne daga Yola ya shigo yana magana, ita kuma kwamfutar ta nace sai da Faransanci za ta saurare shi. Dole akwai inda ake gaya mata ta sauya kunne."

Ban san lokacin da idona ya tafi kan filastar ba. Madam ta bi idona da nata.

"Kul."

Na ce, "Madam, waccan yarinyar da ta taɓa wurin, yaya rubutun ya hargitse? Ba A ce ta koma Q ba?"

Na ga tana tunowa.

"Ke yaushe aka haife ki da za ki tuhume ni?"

"Ba tuhuma ba ce, Madam."

"Kwana biyu shagon nan yana rufe. Kwana biyu."

Malam bai roƙe ta ba. Hannunsa na dama yana kan tebur, ya manta bai mayar aljihu ba. Madam ta dubi hannun, ta dubi tarin shafukan da suka rage, ta ja dogon numfashi.

"In ta haukace, ke za ki je kiran mai gyara, kuma a ƙafa."

Da farcenta ta ɓare filastar, ba ta bar kowa ya taɓa ba. Ga agogo, ga ƙananan haruffa biyu, FR. Na danna su, wani ɗan jeri ya buɗe, na zaɓi na ƙasa, suka koma EN. Na danna Q a kilabiyen Baba, Q ta fito. Na haɗa Ctrl da 2.

Rumfa ta tsaya a tsakiyar farin shafi, da ɗan fili a ƙarƙashinta tana jiran baƙo.

Na yi goyo, na yi bene, duk suka fito. Sai Malam ya ce, "Ba ni in gwada." Ya jawo kilabiyen gabansa da hagu. Ƙaramin yatsa a kan Ctrl, manuni ya miƙa ya taɓo lamba. Da ya zo bene sai ya gano akwai wani Ctrl ɗin a ɗaya gefen, dab da karkataccen layin, hannu ɗaya ya ishe su. A hankali, yana duba takarda, ya gina layi guda cur: wuyan zalɓe, bene a gabansa, rumfa a ƙasan benen, goyo a cikin rumfar. Ya zauna yana kallonsa. Shekara biyu rabon da ya ga lissafin da ya fito daga hannunsa a miƙe. Can ya tashi ya fita wajen randa, ya daɗe yana wanke fuska. Madam ta naɗe filastar ta jefa a kwandon shara, ta koma kujerarta, ta ce mini, "Ki daina kallon ƙofa, ki yi aiki."

Daga ranar muka raba aikin gida biyu. Kilabiyen Baba ba shi da haruffan Faransanci masu ado, don haka muka jona duka biyun. Ni in buga maganar a namu, in na iso alama in ce "naka," shi ya sauya wa kwamfutar kunne, ya gina lissafinsa, ya ce "naki." Akwai yanke guda da yake yawan mantawa, Ctrl da dogon maɓallin tazara, wanda ke fito da kai daga cikin alama. In ya manta, sai in buga jimla guda ba tare da na ɗaga kai ba, mu duba mu gan ta 'yar mitsitsiya a kafaɗar wata lamba, an goya ta. Madam ta ce mu biyun mun zama kamar masu daka a turmi ɗaya. Na ɗauki wannan magana na kai gida, na yi ta juya ta.

Ranar ta tara, da azahar, wuta ta tafi, Malam ya fita nemo takardar bugu. Sai ga wata gajeruwar mace da goyo, ɗauke da ƙwarya a rufe da faifai. Ta gaida Madam da yarensu na duwatsu, ta juyo gare ni da Hausa.

"Ke ce ƙanwar tamu? Kullum sai ya yi zancenki. Na ce yau dai sai na kawo muku abinci da kaina."

Ta ajiye ƙwaryar a kan benci. Jikin ƙwaryar duk zane ne na wuta, irin wanda ake yi da ƙarfe mai zafi, kuma a bakinta akwai wata lanƙwasa da ta zagaye ta, wadda na ji kamar na san ta. Matar ta ɗauki shafi guda daga waɗanda muka buga, ta kai shi nesa da fuska, ta karkata kai.

"Mariƙin ludayin nan naku ya fi nawa miƙewa," in ji ta. "Amma kifina ya fi naku ƙiba."

Na dubi ƙwaryar, na dubi littafin mai shuɗin bango.

"Ke kika rubuta wannan?"

"Zanawa dai na yi. Ni ko aji ɗaya ban yi ba, ƙwarya nake zanawa in kai kasuwa." Ta gyara goyonta. "Kullum da la'asar sai ya share tsakar gida, ya zana da hagu a ƙasa, manya-manya, ni kuma in kwafe da biro. Shekara guda muna yi. Ban san me suke faɗa ba, amma in ya ce kifi na san kifi."

A littattafaina, matar da ke ɓullowa a irin wannan shafi muguwa ce, mai kaifin baki da harara. Wannan kuwa ta buɗe faifai, ta miƙo mini ruwan wanke hannu. Tuwon dawa ne da miyar yakuwa da gyaɗa. Ashe duk kwanakin nan hannun da nake mafarki da shi nata ne. Zuciyata ta karye, ba zan ɓoye ba, amma sai da na yi ƙari.

Da za ta tafi ta sake shafa shafin da yatsa. "To, yanzu dai ya samu inji, hannuna ya huta." Da dariya ta faɗa, sai dai dariyar ba ta kai ido ba. Wannan kam ko ban iya lissafi ba na iya karanta shi.

Mun gama ranar ta goma sha ɗaya, kafin azahar. Aka buga kwafin da za a kai Marwa, ba ɗigon biro ko ɗaya a ciki. Sai na roƙi Madam ta bar ni in fitar da ƙarin guda na ajiyewa a gida. A shafin farko na wannan, ƙarƙashin inda ya rubuta godiya, na bar gurbi, layi huɗu, awon Madam na alama mai hawa. Malam ya gani ya ɗaga kai.

"Kin manta wani abu a nan?"

"Ban manta ba, Malam. Na mai biro ne."

Ya daɗe yana kallon gurbin. "Wannan a wane littafi kika karanto shi?"

"Ba a rubuta shi ba tukuna," na ce.

Bayan mako uku matarsa ta shigo shagon da ƙwarya sabuwa, ba abinci a ciki. Ta kife ta a kan teburina. An zagaye ta da rumfuna, kifaye na iyo a tsakaninsu. Tun kafin ta buɗe baki muka gane an karɓa, kuma ya ci. Madam ta ce ita tun ranar farko ta san haka za a yi.

Labari ya bazu cikin malaman lissafi na garin cewa akwai shago a Jambutu da ba a barin gurbi. Ni da lissafi ya kora daga makaranta na zama mai buga jarrabawarsa, har yau kuwa ban san abin da wuyan zalɓe yake nufi ba, na dai san yanken da ke fito da shi. Kwalin Baba ya ƙare cikin wata biyu. Har ya rasu yana gaya wa mutane cewa da gangan ya ɓoye kayan, yana jiran lokacinsu ya yi. Ni ma daga baya na yi aure, da wani mai sayar da taya wanda bai taɓa karanta littafin soyayya ko ɗaya ba, kuma ban yi da-na-sani ba.

Malam aka mayar da shi can arewa, muka daina jin ɗuriyarsa. Sai bayan shekara goma sha ɗaya na je Kuseri sunan jikar yayata. Ana hira wata yarinya 'yar makaranta ta ce malaminsu na lissafi ba ya taɓa alli, da hannu ɗaya yake bugawa, rubutun ya fito a bango. Washegari da hantsi na sa ta raka ni makarantar tasu. Na tsaya a bakin taga. Ya yi furfura a gefe, ya ɗan yi jiki, an ce shi ne shugaban malaman lissafi na makarantar. Ga ƙaramar kwamfuta a tebur, ga na'urar da ke haska rubutu a farin bango, amma ba da maɓallanta yake bugu ba. Ya jona mata wani tsohon kilabiye da ya yi ja don tsufa, rubutun kan Ctrl ya goge tas. Hannunsa na dama yana kan tebur a fili, na hagu kuwa yana gudu, rumfuna da benaye suna tashi a bango, yara kusan sittin suna kwafa.

Ya juyo zai yi tambaya sai ya hango ni. Ya tsaya, ya ƙura ido, sannan ya yi murmushi.

"Ƙanwata. Shigo mana, ki gaya musu abin da ake dannawa a fita daga rumfa. Har yanzu ina mantawa."